Dogo Mai Kyauta

Ranar da motar haya ta sauke baƙin a bakin coci, Doña Eustolia, dattijuwar da za su zauna a gidanta, ta dubi tsayin namijin cikinsu ta ce a ranta Allah Ya ji kukanta. Hannu ta roƙa, ga shi an kawo mata hannu har da ƙafa. Sunansa Wouter, daga ƙasar Holan, amma babu harshen da ya iya juya wannan suna a Lachibe, don haka kafin la'asar ya zama Dogo, kuma Dogon ne ya bi shi har ya bar garin. Matarsa Marijke aka taƙaita ta zuwa Mari. Sai 'yarsu Fenna, mai shekara tara, wadda tun kafin ta ajiye jaka ta ƙulla ƙawance da talotalon gidan.

Wata ƙungiya ce ta birni ta turo su aikin sa kai na wata uku. Eustolia ba ta gane abin da zai sa mai gida da mota ya tsallako teku don ya yi noma a gonar wani ba, kuma ba ta tambaya ba. Damuwarta ta ishe ta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu suna can wata ƙasa ta arewa, ƙetaren iyaka, suna wanke kwanuka a gidajen abinci, gwiwarta ta dama kuma tun tsakiyar damina take kumbure. Masararta tana gefen dutse, an karya mata wuya tana bushewa a kan kara, kuma ita ce abincin gidan na shekara guda. Dole a cire ta kafin yayyafin ƙarshen shekara ya sauko, wannan da idan ya fara ba ya sanin dainawa, sai ya ruɓar da duk abin da ya tarar a gona.

Zama da su kuwa sai mai haƙuri. Ba su cin nama. Ba su shan ruwa sai an tafasa, itacen da take lallaɓawa ya kai ta wata biyu ya ƙare a sati uku. Dogo kullum safiya sai ya buga goshi a saman ƙofa, sannan ya juyo ya ba ta haƙuri, kamar ita ya buge. Mari ta dage sai ta koyi yin tortiya, 'yar siririyar gurasar masarar da ake ci kullum, ta tsaya a gaban kasko tana tafa ƙullu, abin da ke fitowa kuwa kaurinsa ya kai tafin takalmi, gefe ya ƙone tsakiya ɗanye. Eustolia takan ce mata, "Hannunki na faɗawa, 'yata," sannan ta faki ido ta jefa wa alade. Daga baya ta koma tashi da wuri don ta gama aikin kafin taimako ya farka. Ga godiya, komai ƙanƙantar abu sai sun gode, ko gishiri ta miƙa musu. Mutum ba ya iya yi wa mai yawan godiya faɗa, wannan ne ya fi cin ranta.

Amma duk wannan mai sauƙi ne in dai Dogo zai yi abin da ta sa rai. A garinmu ba a ɗaukar ɗan ƙodago lokacin girbi, gozona ake yi: ka yini a gonata, in yini a taka ranar da ka kira. Duk shekara Eustolia da kanta take zagaya gonakin mutane, ta tara yininta, ranar tata ta kira su su zo su rama. Bana gwiwa ta hana. Don haka wata safiya ta cika jaka da tortiya da wake, ta rataya wa Dogo.

"Yau gonar kompadre Macedonio za ka, wanda ya riƙe mini ɗana a coci ranar baftisma. A madadina za ka je. Ka gane?"

"Na gane, Doña! Taimako. Don shi muka zo."

Murna ta cika shi har ya manta ya sunkuya a ƙofa.

Gaskiya dai ba za a ce Dogo rago ba. Da farko ya sha faɗuwa, don ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, tamu kuwa ko akuya sai ta yi tunani kafin ta taka. Ya gangara da kwando, masara ta watse, samari suka yi dariya har da riƙe ciki, shi ma ya taya su. Amma cikin 'yan kwanaki ya iya rataya igiyar kwando a goshi, ya riƙa ɗaukar kayan mutum biyu. Ya yi wa Macedonio, ya yi wa Apolinar, ya yi wa Fortino da 'ya'yansa, ya yi wa tsoho Nicanor. Wasu ranakun Mari ta bi shi. Kullum yamma ya dawo wuyansa ja wur, tafin hannunsa duk kanta, Eustolia ta dube shi ta ji har ta yafe masa itacenta. A zuciyarta tana jera mazajen da za su shiga gonarta, ta ga a yini ɗaya za su tashe ta.

Abu guda ne ya ɗan tsaya mata a rai. Mutane sun fara gaishe ta da fara'ar da ta wuce kima. Fortino, wanda ko sannu ba ya yi wa mutum sai in yana neman aro, ya tsayar da alfadarinsa a hanya ya ce, "Doña, baƙon nan naki ɗan Aljanna ne. Irinsu sun ƙare a duniya." Ta ce masa haka ne, ta wuce tana mamaki.

Ran Lahadi bayan an fito coci ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗingishi.

"Kompadre, Alhamis ce tawa."

Macedonio ya cire hula, ya duba cikin hular kamar ya ajiye wani abu a ciki. "To, komadre. Allah Ya kai mu."

Apolinar ma haka ya ce, Fortino ma haka. A Lachibe ba a ce wa mutum a'a a fuskarsa, kowa ya san wannan, ita ma ta sani. Amma mai neman hakkinsa ba ya tsayawa auna murya, don haka ta koma gida ta hau shiri.

Mai kiran gozona shi ke ciyarwa, kuma ba da wake ba. Ran Laraba ta ja talotalo bayan ɗaki ta yanka. Fenna ta gani. Yarinyar ta yi kukan da ya tara maƙwabta a bakin shinge, ta shige ɗaki ta ƙi cin komai, Mari kuma ta yini da fuska a ɗaure tana cewa da an gaya musu tukuna. Eustolia ta so ta tambaye ta ko a ƙasarsu izini ake nema wajen baƙo kafin mutum ya yanka tsuntsunsa, amma ta haɗiye. Ta soya barkono iri uku, ta niƙa da riɗi da gyaɗa da cakulan, ta tsaya a kan gwiwa mai ciwo tana juya baƙar miya har hannunta ya sage.

Da sassafen Alhamis suka hau gona, Dogo ɗauke da tukunya, Mari da kwandon tortiya, Fenna a baya tana jan ƙafa. Eustolia ta hura wuta a gindin bishiya ta ɗora kofi. Hantsi ya fito. Kofi ya tafasa, ya huce, ta sake ɗumama shi. Tana ta kallon hanya. Can sai ga mutum ɗaya tana haurowa da kwando a baya: Crescencia ce, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ita ma mijinta ya rasu.

"Ina sauran?" in ji Eustolia.

Crescencia ta ajiye kwando, ta nuna da haɓa. A ƙetaren kwari, a gonar Apolinar, ga huluna nan birjik suna motsi cikin masara.

"Ke wai da gaske ba ki sani ba? Ni na ɗauka da yawunki yake yi."

"Yake yin me?"

"Dogon naki mana. Duk gonar da ya yini, in an tashi mai gona ya ce masa, 'Ka gaya wa Doña Eustolia tana bina yini,' sai ya ɗaga hannu sama ya ce a'a, a'a, shi ɗan sa kai ne, kyauta ya yi, kada kowa ya rama wa kowa. Har ransa ɓaci yake in an maimaita. Ni ma haka ya ce mini. Na zo ne don ke ce, ba don ana bina ba."

Eustolia ta sauke kofin daga kan wuta. Ta juya ta dubi Dogo. Yana can ya riga ya shiga kunya ta farko shi kaɗai, yana ɓalle masara yana fito da baki.

Ta ɗauki sandarta ta gangara kwarin, ta haura ɗaya gefen, tafiyar da mai lafiya ma sai ya huta a hanya. Da mazan suka hango ta sai kowa ya ga ashe akwai aiki sosai a can ƙarshen gona. Macedonio ne bai samu hanyar gudu ba.

"Komadre, da wannan ƙafar? Ai da kin aiko."

"In aiko wa? Dogo? Ya zo ya ba ka gonar tawa kyauta?"

Wani saurayi ya tuntsire da dariya a cikin kara, aka yi masa tsawa.

"Haba komadre, ki tsaya ki ji. Ni fa na faɗa masa yadda ake faɗa. Na maimaita. Ya ce kyauta ne, a gaban mutane. Apolinar, ba a gabanka ba ne?"

"A gabana ne," in ji Apolinar daga nesa, bai ɗago ba.

"Kai kuma da ka ji, sai ka manta gidan da yake kwana? Tortiyar da ya ci a gonarka, uwarsa ce ta aiko masa daga Holan? Kai da ka riƙe mini ɗana Rufino a coci, ba ka iya takowa ka tambaye ni ba?"

Macedonio ya share goshi. "Na yi tunanin ko yaran sun turo miki abin da za ki ɗauki ma'aikata daga wani gari. Kin ga bana kowa a matse yake, samari duk sun tafi. Da ya sake mu, sai kowa ya ɗaure kwanakinsa a wani wuri. Gobe Fortino, jibi surukina, haka har Kirsimeti. In na saɓa musu, wa zai shiga tawa baɗi?"

"Ran Lahadi fa? Bakinka ciwo yake?"

"Kunya ce, komadre."

"Kunya. To a dafa mini ita in ci a watan Maris in rumbu ya ƙare."

"Bayan Kirsimeti zan zo, da yarana duka. Na rantse."

Ta ɗaga kai ta dubi duwatsun gabas, inda wani farin hazo ya kwanta tun jiya. Shi ma ya duba. Ta juya ta kama hanya.

Ta iske Dogo ya cika kwando biyu, yana murmushi, gumi na zuba.

"Doña, mutanen sun makara? Ba komai, mu fara."

Wata biyu tana haɗiye magana, ranar dai ta ƙi haɗiyuwa.

"Ba su makara ba. Ba za su zo ba. Kai ka sallame su."

Ta faɗa masa dalla-dalla, cikin Sifaniyancin da zai gane. Murmushin ya tafi a hankali. Mari ta matso ta tsaya kusa da shi.

"Amma Doña, ni ban zo don a biya ni ba. Ba zan iya yi wa talaka aiki sannan in ce ina binsa ba. Ba daidai ba ne."

"Talaka! Fortino mai alfadari uku ne talaka? Ni ce me, matar gwamna? Wa ya ce kai za a biya? Na ce maka a madadina za ka je. Ka ce ka gane."

"Na ɗauka... na ɗauka kina so in taimake su ne, tunda ke ba ki iya zuwa."

"Gumin naka ne, ban musa ba. Amma kwanakin nawa ne. Ni na ciyar da kai, ni na tura ka. Ka ɗebi abin da ba naka ba ka raba wa gari, kowa na sa maka albarka, ni kuma ga ni tsaye da tukunyar nama ba mai ci. Ko sau ɗaya ba ka dawo ka ce mini, Doña, ga abin da suke faɗa, me ake nufi? Kullum sai na gode, na gode. Na gaji da godiyar nan, wallahi na gaji!"

Mari ta ce a hankali, "Da niyya mai kyau ya yi."

"Na sani, 'yata. Shi ya sa ban san inda zan kai ƙara ba."

Dogo ya ajiye kwando ya ruga ƙetaren kwari da dogayen ƙafafunsa. Eustolia na hango shi yana bin mutane ɗaya ɗaya, yana ɗaga hannuwa, yana nuna gonarta. Suna dafa masa kafaɗa, suna gyaɗa kai. Har wani ya miƙa masa ruwa. Ya dawo idonsa ya yi ja.

"Sun ce kada in damu. Sun ce Allah Ya kai mu."

Crescencia ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta rataya igiyar kwando a goshi. "To ku taso. Masara ba ta jin Sifaniyanci."

Haka suka shiga, mata biyu tsofaffi, da baƙi biyu, da yarinyar da ba ta magana da kowa. Da rana ta take Eustolia da Crescencia suka zauna gaban tukunyar da aka dafa don mazaje goma sha, suka ɗan taɓa, baƙin kuwa suka ci tortiya da gishiri. Da yamma ta rarraba sauran naman a kwanuka ta aika gidajen maƙwabta don kada ya lalace. Har gidan Macedonio sai da kwano ya je, don ba za a ce ta yi rowa ba. Wannan ya ƙona mata rai fiye da gwiwar.

Washegari Crescencia ta tafi rama nata yinin a wani wuri. Dogo ya yi aiki irin na mai neman gafara, tun duhu-duhu har ba a ganin kara, kafaɗarsa ta saluɓe. Mari ta daina zancen tortiya ta koma ɗaukar kwando. Amma gonar da aka shirya wa gayya ba ta jin tausayin mutum uku. Ba su kai rabi ba hazon nan ya gangaro, aka wayi gari da yayyafi siriri mai sanyi, irin wanda ba ya jiƙa mutum nan take sai ya shige masa ƙashi. Hanya ta zama santsi. Dogo ya dage sai ya hau, ya hau ɗin, ya dawo da buhu biyu jiƙaƙƙu da targaɗe a ƙafa. Daga nan kowa ya zauna a ɗaki, mai gwiwa da mai targaɗe, suna kallon ruwa na ɗiga daga bakin rufi.

Macedonio ya cika alkawari. Bayan Kirsimeti da rana ta leƙo ya zo da yaransa, Apolinar ma ya turo ɗaya. Suka ɓare zangarniya ta farko, ciki ya yi baƙi da fumfuna, ta biyu ta fara tsiro a kan kara. Suka dai cire abin da ya rage, suka jibge mata a tsakar gida, suka ƙi tsayawa cin abinci. Ta yini tana tsince mai kyau, tarin na alade ya ninka na mutane.

Dogo ya zo ya tsuguna kusa da ita ya ce zai sayo mata masarar kanti kafin su tafi. Ta ce to. Ya sayo buhu biyu na farar masarar nan da ake kawowa daga nesa, wadda tortiyarta kan bushe kafin a kai baki. Ta yi godiya, ta jingine su a lungu.

Ana saura kwana kaɗan su tafi, sai ga Macedonio da Fortino a ƙofar gida, huluna a hannu, sun sha wanka. Eustolia na zaune tana ɓarzar masara. Baƙin sun tafi rafi.

"Komadre, gari ya yanke shawara," in ji Macedonio. "Ba za mu bar mutumin nan ya tafi haka ba. Za a yi masa walima a harabar coci, har da 'yan busa. Kin san babu gonar da bai shiga ba."

"Na sani."

"Fortino zai ba da wake, tunda ba su cin nama. Apolinar zai kawo abin sha. Sai tortiya." Ya ɗan yi tari. "Mata sun ce tunda baƙonki ne, daga gidanki ya kamata ta fito. Kuma ba ta kanti ba, komadre, kin san mutane da baki. Taki ta gona, shuɗiyar masarar nan. Ya sha faɗa cewa bai taɓa cin irinta ba."

Eustolia ta dube su, ta daɗe tana dubansu. Maganganu suka taso mata har wuya, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi. Amma in ta ƙi, har jikokinta sai an gaya wa cewa Eustolia ta hana baƙonta abincin bankwana, mutumin da ya yi wa gari duka aiki kyauta.

"Mutum nawa?" ta tambaya.

"Ai kowa zai zo," in ji Fortino da fara'a. "Wa zai ƙi zuwa don Dogo?"

Ta dafa sanda ta miƙe, ta shiga ɗakin ajiya da babban kwando. Ta sunkuya cikin rumbun katako ta fara ɗiba. Ba ta yi nisa ba ta ji ƙwaryar ta kankari katakon ƙasa, alhali ko watan Janairu bai ƙare ba. Daga waje Fortino ya ɗaga murya ya ce kada ta yi ƙwauro, a yi ta yadda za ta wadaci kowa.